Tsakanin Mai Ba da Magani da Mai Shan Magani

A kowane babban asibiti, wuri na ƙarshe da marar lafiya yake tsayawa kafin ya kama hanyar gida shi ne tagar ɗakin magani. Likita ya duba, an yi awo, an rubuta kati, saura a karɓi magani. Mutane da yawa suna ɗaukar wurin nan kamar kanti, a miƙa kuɗi a karɓi leda. Alhali mai harhaɗa magani shekara biyar ko shida yake yi a jami'a, ya ƙara shekara guda yana sanin makamar aiki, kuma babban abin da ya koyo shi ne yadda kowane magani yake aiki a jiki da abin da yake ɓata shi. Idan wannan sani bai tsallake taga ya isa kunnen mai shan maganin ba, wahalar layi da kuɗin awo sun tafi a banza. Mai kemis na unguwa ba darajarsu ɗaya ba, domin lasisinsa na sayar da ƙananan magunguna ne kawai, amma tun da a ƙauyuka da yawa shi ke nan, wannan magana har da shi.

Babbar matsala a ƙasar Hausa ita ce sau da yawa wanda ke tsaye gaban mai magani ba shi ne marar lafiyar ba. Uwa tana cikin gida da jariri jikinsa rau, sai a aiki yaro ɗan shekara goma da kuɗi da tsohon kwali, a ce ya sayo irin wannan. Mai magani ya tambaya: "Wa zai sha? Shekararsa nawa? Yana amai?" Yaro ya ce, "Cewa aka yi in karɓo." Ko an yi masa bayani, kafin ya isa gida rabi ya zube.

Mu ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem. Gwargwadon nauyin mutum ake bayar da shi, shi ya sa akwai kati mai ƙwaya 6, da mai 12, da mai 18, da mai 24. Sau shida ake shansa cikin kwana uku, kuma tsakanin sha na farko da na biyu awa takwas ne. Ana so a sha shi da abinci mai maiƙo ko madara, domin ta haka yake shiga jini sosai. In yaro ya amayar da shi nan take, sai a sake ba shi. Ina ɗan aike zai riƙe duk wannan? Wanda zai ba marar lafiya magani da hannunsa shi ya kamata ya je karɓa. In fita ba ta yiwu ba, ga waya a kusan kowane gida: ɗan aike ya kira, mai magani ya yi magana da uwar yaro kai tsaye.

Sai kuma "to". An tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a mayar wa babba ko mai ilimi magana, don haka dattijuwa za ta ce "to, na gode, Allah ya yi albarka," ta fita ba ta riƙe ko ɗaya ba. Ga kunya kuma. Taga ce ƙarama, layi ya taru a baya, kowa ya kasa kunne. Wace mace ce za ta ce da namiji a irin wannan wuri tana da juna biyu, balle in cikin fari ne? Alhali akwai magungunan da ba a ba mai ciki, irin su kafson nan ja da yalo. Haka maganin basir ko na sanyin mata wanda cusawa ake yi: mai magani ya ji nauyin faɗa, mai karɓa ta ji nauyin tambaya, ƙarshenta a kora shi da ruwa. Labule ɗaya da kujera biyu a gefe sun isa su rage wannan, kuma asibitin da ya iya sayen injin wuta ba zai kasa su ba.

Rubutu ma yana da nasa laifi. Likita yana rubuta bd da tds, wato sau biyu da sau uku a rana, takardar cikin kwali kuma da Turanci take, a Maraɗi da Damagaram da Faransanci. Dabarar da masu magani suka saba ita ce su ja layi a bayan leda, ɗaya safe, ɗaya rana, ɗaya dare. Tana taimakawa, amma ba ta faɗi kwana nawa ba, ba ta kuma faɗi cewa "sau uku" na maganin kashe ƙwayoyin cuta kusan duk awa takwas ake nufi ba. Mutum ya sha da hantsi, ya sha da azahar, ya sha da magariba, sai dare guda cur jini ba magani. Da mai magani zai ɗaura lokacin sha a kan abin da kowa ya sani, ya ce asuba, bayan azahar, da lokacin kwanciya, da an dace. Cokalin da ake nufi a maganin ruwa na yara mai cin mililita 5 ne, ba cokalin shan koko ba. Maganin gari na cikin kwalba kuwa, da tafasasshen ruwan da ya huce ake haɗa shi, daidai alamar da ke jikin kwalbar, kuma ba a ajiye ragowarsa don ciwon wata mai zuwa. Da azumi, maimakon mutum ya tambaya ko akwai irin wanda ake sha sau biyu, sai ya haɗe na rana da na dare a buɗa-baki.

Marasa lafiya kuma suna ɓoye abin da suke sha a gida, kuma a nan ma'aikatan lafiya su suka jawo. Wanda aka taɓa daka wa tsawa don ya ambaci jiƙo ko sassaƙe ba zai sake ambata ba. Ga shi kuwa nono da madara da kanwa suna hana magani irin siprofuloksasin shiga jiki yadda ya kamata. Farasitamol yana cikin magungunan mura da na ciwon jiki da dama, sai mutum ya sha iri uku a rana ɗaya bai san abu ɗaya yake ta maimaitawa ba, hanta ce kuma ke ji a jikinta. "Baba, me kake sha yanzu, na asibiti ko na gida?" Tambaya ce da ba ta cin daƙiƙa goma, in an yi ta da sakin fuska.

Akwai abin da in ba a faɗa tun farko ba, tsoro zai sa a jefar da magani. Ɗaya daga magungunan tarin fuka yana mayar da fitsari ja, maganin ƙarin jini yana mayar da bayan gida baƙi, kuma duk ba illa ba ne. Maganin tarin fuka wata shida ake sha ko da tari ya tsaya tun watan farko. Na hawan jini ba a daina shi don ciwon kai ya lafa.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Mai cewa "a ba ni na ɗari biyar" rashi ne ya sa shi. Maimakon a gutsura masa na kwana biyu cikin na kwana biyar, a nuna masa irinsa mai rahusa wanda ke ɗauke da lambar hukumar NAFDAC.

Kafin mai karɓa ya juya, kada a tambaye shi "ka gane?", domin amsar a shirye take. A ce, "Mama, faɗa mini yadda za ki ba shi in kin je gida." In ta faɗa daidai, a sallame ta. In ta yi kuskure, a gyara, ta sake faɗa. Shi kuma mai karɓa kada ya bar taga sai ya san sunan maganin, da yawan da zai sha, da lokaci, da yawan kwanaki, da alamar da in ya gani zai dawo asibiti ba tare da ya jira maganin ya ƙare ba.