Tallan Yaudara da Hukuncinsa a Dokokin Jihohin Amurka

Gabatarwa

Talla hanya ce ta sanar da jama'a abin sayarwa. Sai dai akwai tallan da ba don sayar da abin da aka tallata ake yin sa ba. Wannan darasi zai yi bayanin irin wannan talla da hukuncin da wasu jihohin Amurka suka tanadar masa.

Ma'anarsa

Ɗan kasuwa kan tallata haja a farashi mai rahusa, alhali ba ya da niyyar sayar da ita. Idan mai saye ya zo, sai a ce ta ƙare, ko a kushe masa ita, a karkata shi zuwa ga wata mai tsada. Ke nan hajar farko tarko ce kawai.

Asalin Dokar

A shekarar 1911 mujallar Printers' Ink ta fitar da samfurin doka da ya mayar da tallan ƙarya laifi. Jihar Ohayo ta karɓe shi a 1913, daga nan jihohi da dama suka bi sahu.

Hukunci

A Kalifoniya, sashe na 17500 na dokar kasuwanci da sana'o'i ya haramta tallata haja da nufin ƙin sayar da ita yadda aka tallata. Hukuncinsa ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko tarar da ba ta wuce dala 2,500 ba, ko duka biyun. A Teksas kuwa, sashe na 32.42 na dokar laifuffuka ne ya hana shi, inda ɗauri kan kai shekara 1, tara kuma dala 4,000.

Muhimmancin Niyya

Ƙarewar haja kaɗai ba laifi ba ce. Niyya ita ce ginshiƙin laifin. Da yake ba a ganin zuciya, akan duba alamu: ƙin nuna hajar, kushe ta, ko ajiye 'yar kaɗan ba tare da faɗin adadinta a tallan ba.

Kammalawa

An ga cewa doka ba ta hana rahusa ba, ha'inci ta hana, domin mai gaskiya a kasuwa shi ma yana cutuwa idan mayaudari ya janye masa masu saye.

Auna Fahimta

1. Mece ce manufar hajar farko a wannan talla?
2. Kwatanta hukuncin Kalifoniya da na Teksas.
3. Kawo alamu uku na mugunyar niyya.