Layi ɗaya ko layi biyu: a gwada jini kafin a sha magani

Da zarar damina ta kankama, duk yaron da jikinsa ya yi zafi a ƙauyukanmu, sunan ciwonsa maleriya. Uwa ta taɓa goshi, uba ya nufi kyamis, a haɗo ƙwayoyi a leda. Zaton nasu yana da tushe. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma binciken ƙasa na 2021 ya gano ƙwayar cutar a jinin kusan rabin ƙananan yaran jihar Kebbi. Sai dai ciwon haƙarƙari, ƙyanda, sanƙarau, taifot, har ciwon kunne, duk da zafin jiki suke yin sallama.

Shi ya sa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini tukuna. Ba sai an je babban asibiti ba. Jami'in lafiya na ƙaramin asibitin ƙauye, ko ma'aikatan lafiya na cikin al'umma na shirin CHIPS da aka ƙaddamar a 2018, inda aka horar da su aka ba su kaya, za su huda yatsa su ɗiga jini a ɗan abin gwaji. Cikin minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. Layi biyu, akwai cutar. Layi ɗaya, babu.

Idan layi biyu ne, aiki ya yi sauƙi. Maganin da aka fi bayarwa shi ne irin su Coartem, sau shida cikin kwana uku: na biyu bayan awa takwas da na farko, sauran safe da yamma. A haɗa da nono ko abinci mai maiƙo, don da shi maganin ke shiga jiki sosai. In yaro ya amayar cikin rabin awa, a sake ba shi. Kada a tsaya a rana ta biyu don an ga ya tashi yana wasa, balle a ajiye wa ƙaninsa saura. Kulorokwin kuwa, tun 2005 Najeriya ta sauke shi saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa.

Rigimar tana wajen layi ɗaya. Nan za ka ji kaka tana cewa, "Ɗan nan, ka dai ba shi maganin, mu muka san ciwon jikanmu." Shi kuma ma'aikacin ɗan gari ne, wataƙila ita ta goya shi, sai kunya ta sa ya miƙa. A ganina wannan kunyar ta fi rashin magani ɓarna. Iyaye za su koma gida hankali kwance, ainihin ciwon yana ci gaba da cin yaro. Abin da ya dace ma'aikacin ya yi shi ne ya ɗaga rigar yaron ya ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, tare da tari, ciwon haƙarƙari ake zargi, kuma maganinsa daban. In ba a ga komai ba, a ba da farasitamol da ruwan sha, a dawo bayan kwana biyu ko uku idan zafin bai sauka ba.

Iyaye, ku kuma faɗa wa ma'aikaci gaskiya in yaro ya sha maganin maleriya kwanan nan, domin gwajin kan ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an warke.

Akwai alamun da ba a zama da su a gida ko da dare ne: jijjiga, kasa shan nono ko ruwa, amayar da duk abin da aka ci, barcin da ba a iya tayar da yaro, da tafin hannun da ya yi fari fat. Haka jaririn da bai kai wata biyu ba in ya yi zazzaɓi. Ga yaro ƙasa da shekara shida, ma'aikaci na iya sa masa maganin atesunet ta dubura. Wannan riƙon hanya ne kawai, sai an kai shi asibiti an yi masa allura.

Masu unguwanni da limamai, tun kafin ruwa ya yanke hanya, ku tsayar da babur ko motar da za ta ɗauki yaro da tsakar dare, kuma kowane gida ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.