Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa zanen da aka liƙa wa ƙyalle yake tsada haka?

Tambaya: Na je wani bajekolin zane-zane a Abuja, na ga allon da aka shafa wa fenti, aka liƙa masa ƙyallen atamfa da guntun jarida. Da aka faɗa mini kuɗinsa sai da na riƙe baki. Malam, wane irin zane ne wannan, kuma me masu tara zane suke gani a jikinsa?
Daga wata ɗaliba a Zariya

Amsa: Abin da kika gani shi ne zanen haɗaka, wato wanda mai shi bai tsaya ga fenti kaɗai ba, ya haɗa da takarda, yadi, yashi, hoto, duk abin da zai faɗi maganar da ke ransa. Ba yau aka fara ba. A 1912 Pablo Picasso, a Faransa, ya liƙa wa wani ɗan zanensa ledar tebur mai siffar saƙar kujera, ya zagaye shi da igiya. A nan gida kuwa, tun shekarun 1960 Jimoh Buraimoh na Oshogbo yake jera ƙananan duwatsun ado a kan allo, irin waɗanda ake ƙawata kambin sarakunan Yarabawa da su.

To me ya kawo tsadar? Bari mu ɗauki mai zane Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili da ta shugabanci hukumar NAFDAC. An haifi Njideka a Enugu a 1983, tana zaune a Amurka. Takan kwafi hotunan danginta da na mujallun Najeriya, ta kifa su a kan takarda, ta goga musu wani sinadari har tawadar ta koma jikin takardar, sannan ta bi da fenti da fensir mai launi. Daga nesa za ki ga mace zaune a ɗaki. Ki matso, sai ki tarar bango da kujera, har fatar matar, cike suke da fuskokin mutanen gida. Kin ga ke nan ɗakin yana Amurka, amma Najeriya na liƙe a jikinsa, kuma duk wanda ya taɓa zaman baƙunta ya san wannan hali. A wasu ayyukan har atamfar anko mai hoton mahaifiyarta take sawa. Wannan, a ganina, shi ne abin da mai saye yake biya: ƙyallen da ya riga ya yi rayuwa kafin ya hau allo, wanda babu mai iya sake haɗa irinsa sak.

Sai kuma kasuwa. Aikin yana cin lokaci, kaɗan take fitarwa a shekara, masu nema kuwa da yawa. A 2017 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da zanenta mai suna "The Beautyful Ones" a Landan kan fam miliyan 2.5, a 2022 kuma aka sake gwanjonsa a New York ya kai dala miliyan 4.7. Kada dai wannan ya ruɗe ki. 'Yan tsiraru ne ke kai wannan matsayi, kuma liƙa tsumma kaɗai ba ya mayar da aiki mai daraja.

Idan wata rana kika yi niyyar saye, ki tambayi mai zanen da wane irin gam ya yi aiki, domin takardar jarida na yin jaja-ja, gam mai arha kuma na ɓamɓarewa. Ƙurar hunturu, laimar damina da gara duk abokan gaban irin wannan zane ne, don haka a sa masa gilashi, a nisanta shi da hasken rana. Ki karɓi takardar shaida mai sa hannunsa da shekarar aikin. Tunda a Zariya kike, ki fara da leƙa sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe suke baje ayyukansu, ki tsaya ki yi musu tambayoyi da bakinki.