Yadda Ake Shimfiɗa Ƙaramin Layin Dogo a Gida

Ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, wanda ke bin dogonsa a kan tebur ta gaban tashoshi da gidaje da bishiyoyi na kwaikwayo, tsohon abin sha'awa ne a Jamus da Ingila da Amurka da Japan. Manya sun fi yara yin sa. A birnin Hambug na Jamus akwai Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, inda dogon kwaikwayo ya kai tsawon kilomitoci. Mai fara koyo ya kalli irin wannan don nishaɗi kawai. Abin da yake bukata a aikinsa na farko shi ne jirgi ya tashi, ya zagaya, ya dawo, bai tsaya ba bai kuma goce ba. Yin ado yana iya jira.

Mataki na farko: zaɓi ma'auni kafin ka sayi komai. Kowane jirgi an ƙanƙanta shi ne bisa wani lissafi. Ma'aunin HO, wanda ya fi yaɗuwa a duniya, 1:87 ne, faɗin tsakanin ƙarafan dogonsa milimita 16.5, mutum mai matsakaicin tsayi yakan koma kimanin santimita 2. A Ingila OO aka fi amfani da shi, 1:76, a kan dogo mai faɗi ɗaya da na HO. Sai N, mai dogon milimita 9, wanda a yawancin ƙasashe 1:160 ne. Shawarata HO ko OO, domin hannu yana iya kama kayansu, ido yana ganin inda matsala take, kuma sun fi sauƙin samu. Wanda ɗakinsa ƙarami ne ƙwarai ya ɗauki N. Ka lura da abu ɗaya: jiragen HO na kamfanin Märklin suna ɗaukar wuta ne daga ƙananan ƙusoshin da ke tsakiyar dogo, don haka ba sa tafiya a kan dogon kamfanonin Hornby ko Peco ko Bachmann. Kada ka gauraya su.

Mataki na biyu shi ne auna wuri da zana taswira, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Yawancin masu farawa sukan ɗauki falankin filawud guda, mai ƙafa 8 da ƙafa 4, su shimfiɗa dogo mai zagaye. Yana yiwuwa, domin lanƙwasar da ƙananan jiragen HO ke iya bi tana da inci 18 daga tsakiyar da'ira zuwa dogo, ke nan da'irar za ta ci kusan santimita 91, falankin kuma faɗinsa 122. Amma hannun mutum ba ya wuce santimita 70 ko 75 idan ya miƙa. In ka jingina falankin da bango, duk ranar da tarago ya faɗi a can ƙurya sai ka hau tebur. Dole ka bar hanyar wucewa ta kowane gefe, kuma wannan yana cin rabin ɗaki.

Akwai wata hanya da na fi so wa mai farawa: siririn katako a jikin bango, tsawon mita ɗaya da rabi, faɗin santimita 30 zuwa 40. Jirgi ba ya zagayawa a kansa, aikin jera taragu ake yi. Wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, ya shahara da irin wannan tsari mai suna Inglenook. Rassa uku ne, ɗaya yana ɗaukar tarago 5, biyun kuma 3 kowanne, ana aiki da taragu 8. Za a zaɓi 5 daga cikinsu ta hanyar ƙuri'a, sai direba ya jera su bisa tsarin da ƙuri'ar ta fitar, alhali layin da yake ja da baya a kai kan jirgi da tarago 3 kawai yake ɗauka. Mararraba biyu kawai ake bukata, amma mutum zai yi awa guda a kansa bai gaji ba. Jirgi mai zagaye kuwa, bayan minti goma ka gama ganin duk abin da zai yi.

Ko wanne ka zaɓa, zana shi da girmansa na gaskiya a kan kwali ko takardar buhun siminti, ka ɗora dogon da taragun a kai ka gani. Ka guji hawa da gangara a wannan karon. Ƙaramin jirgi ba ya son hawan da ya wuce santimita 2 a kowace mita, kuma kafin wani layi ya haye saman wani a HO sai ya tashi kusan santimita 8, wato mita 4 na dogo don hawa kaɗai.

Mataki na uku, tebur. Kai wa kafinta awon, ya yi firam da busasshen katako, da sanduna a gicciye duk bayan santimita 40, ya ɗora filawud mai kaurin milimita 9 ko 12. Ɗanyen katako yana murɗewa, dogon kuma ya bi shi. A shafa maganin gara, a yi fenti ciki da waje, a duba da lebur na magina.

Mataki na huɗu, shimfiɗa dogo. Sayi wanda aka yi da farin ƙarfen nikel, domin na baƙin ƙarfe yana tsatsa da damina. Fara daga mararraba, sauran su biyo baya. A duk mahaɗa ka tabbata kowane ƙarfe ya shiga cikin 'yar maƙalarsa. Ka shafa yatsa a kai, in ka ji tudu to ɗaya ya hau kan maƙalar, kuma nan ne jirgi zai riƙa gocewa. Bar 'yar tazara kamar kaurin katin waya a wasu mahaɗun, saboda ƙarfe yana miƙewa da zafi, kuma ɗakin kwano a watan Afrilu ya isa ya lanƙwasa dogon da aka matse. Kafa dogon da ƙananan ƙusoshi ba tare da dannewa sosai ba. Gam bai zo ba tukuna.

Mataki na biyar, wuta. Tsari biyu ne. Na da yana tura wuta har zuwa bolt 12 cikin dogo: ka ƙara wuta jirgi ya ƙara gudu, ka juya ta ya koma baya, kuma jirgi ɗaya ake sarrafawa a layi ɗaya. Sabon tsarin, DCC, yana barin wuta a dogo koyaushe, kowane kan jirgi yana da 'yar na'ura mai karɓar umarni ta lambarsa, don haka jirage da yawa suna aiki tare. Ga mai kan jirgi ɗaya, tsarin na da ya wadatar kuma ya fi araha. Duba taransifoma kafin ka soka ta a bango: wadda aka yi don Amurka ta bolt 120 ce, wutar Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ce, nan take za ta ƙone. Kada ka dogara da maƙalai su kai wuta ko'ina. Ja wayoyi biyu masu kauri a ƙarƙashin tebur, ja da baƙa, ka fito da ƙananan rassa ta huji zuwa dogo duk bayan mita ɗaya, ka liƙa su da dalma a gefen ƙarfe na waje. In ba ka iya dalma ba, mai gyaran rediyo zai yi maka. Ja ta tsaya a ƙarfe ɗaya, baƙa a ɗayan, daga farko har ƙarshe.

Daga nan sai gwaji. Tuƙa jirgin a hankali, gaba da baya, yana ja yana turawa, ta kowace mararraba, na tsawon kwanaki. Inda ya tsaya ko ya goce ka sa alama da alli ka gyara.

Sai komai ya daidaita za ka zuba tsakuwa. Yashi ne zai zama tsakuwar: tankaɗe mai tsabta da rariya, ka bi shi da maganaɗisu don cire ɓurɓushin ƙarfe, wanda in ba haka ba injin jirgi zai zuƙe shi. Baza shi tsakanin katakan dogo da buroshi, ka fesa ruwa kaɗan, sannan ka ɗiga farin gam na kafintoci da aka haɗa da ruwa rabi da rabi da ɗigon sabulun wanke-wanke. Kada gam ya kusanci sassan mararraba masu motsi. A bar shi kwana ɗaya ko biyu ya bushe.

Adon kuwa ya rage naka. Tudu daga kwali da takarda mai gam, ganye daga soson katifa da aka rina, gidaje daga kwali. Ba dole ne ka kwaikwayi ƙauyen Turai ba: dogo ya iso Kano a 1911, kuma tasha mai dalar gyaɗa a gefenta da jar ƙasa abu ne da za ka iya haɗawa da hannunka.

Ƙura ce babbar abokiyar gabar wannan aiki, musamman da hunturu. Rufe tebur da zane in ka gama, ka goge saman dogo da ƙyalle mai ɗan sifirit kafin ka kunna, ka duba ƙafafun jirgi su ma. Kada ka taɓa goge dogo da samfefa, domin ƙarcen da take bari shi ne ke tara datti.