Lambar Okten da Tsimin Fetur a Motoci Masu Gudu

Gabatarwa

A gidajen mai na ƙasashen Turai, mai mota yakan tarar da famfo biyu, ɗaya an rubuta masa 95, ɗaya kuma 98. A Amurka kuwa lambobin da aka saba gani su ne 87 da 89 da 91 ko 93. Mafi yawan lamba shi ne mafi tsada. Saboda haka mutane da dama sun ɗauka cewa fetur mai babbar lamba ya fi ƙarfi, kuma ya fi auki. Wannan zato kuskure ne. A wannan darasi za mu duba ma'anar lambobin nan, da dalilin da ya sa motoci masu gudu irin su Ferrari da Porsche da Corvette suke buƙatar mai na musamman, sa'an nan mu ga abin da ke sa su shan mai da yawa.

Yadda inji yake aiki

Injin motar fetur yana bin tsarin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya kammala a shekarar 1876. A cikin kowace silinda akwai fistin da ke hawa da sauka, kuma aikinsa ya kasu mataki huɗu. Da farko yakan sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur. Na biyu ya hau ya matse su. Na uku fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama, iskar da ta yi zafi ta tura fistin ƙasa da ƙarfi. Na huɗu ya sake hawa ya kori hayaƙi zuwa salansa. Kafin giram ɗaya na fetur ya ƙone sarai, yana buƙatar iska giram 14.7.

Mataki na biyu shi ne abin lura a nan. Idan iskar da ta cika silinda aka matse ta har ta koma kashi ɗaya cikin goma na girmanta, sai a ce ma'aunin matsin injin 10 ne bisa 1. Ilimin zafi ya nuna cewa gwargwadon ƙaruwar matsi, gwargwadon aikin da za a samu daga kowane ɗigon mai. A lissafi na takarda, inji mai matsi 8 bisa 1 zai iya mayar da kimanin kashi 56 cikin ɗari na zafin mai ya zama motsi, mai 12 bisa 1 kuwa kashi 63. A zahiri babu injin da ke kai wannan matsayi, domin zafi mai yawa yana salwanta ta lagireto da salansa, har ma injunan fetur mafi inganci ba su cika wuce kashi 40 ba. Duk da haka ƙa'idar tana nan daram. Shi ya sa maƙeran motoci masu gudu suke ƙara matsi. Misali, Ferrari 458 da aka fito da ita a 2009 tana da matsi 12.5 bisa 1. Waɗansu kuma sukan sa turbo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin silinda.

Ƙwanƙwasar inji

Matsi yana da iyaka, domin duk iskar da aka matse takan yi zafi. Abin da ake so shi ne wuta ta tashi daga fulogi ta bazu cikin tsari har ta cinye man. Amma idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar man da wutar ba ta kai gare shi ba yakan kama da kansa, ya fashe farat ɗaya. Fashewar tana dukan fistin da bangon silinda, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ita ce ƙwanƙwasar inji. Ta bambanta da abin da bakanikenmu yake nufi idan ya ce inji ya yi nokin, wato ya ƙafe saboda rashin baƙin mai. Sai dai ƙwanƙwasa mai tsanani, in ta daɗe, tana iya huda fistin ko ta karya zobbansa.

Mene ne okten?

Lambar okten ma'auni ce ta juriyar fetur ga matsi ba tare da ya fashe da kansa ba. Wani masanin haɗa sinadarai Ba'amurke, Graham Edgar, shi ya shimfiɗa ma'aunin wajen shekarar 1927. Ya zaɓi sinadarai biyu: aiso-okten mai juriya ƙwarai, aka ba shi lamba 100, da hebten mai saurin fashewa, aka ba shi sifiri. Fetur mai lamba 95 shi ne wanda juriyarsa a injin gwaji ta yi daidai da ta haɗin kashi 95 na aiso-okten da kashi 5 na hebten.

Gwajin iri biyu ne: mai sauƙi da ake kira RON, da mai tsanani da ake kira MON. Turai da yawancin ƙasashen duniya suna rubuta RON, Amurka da Kanada kuwa sukan haɗa biyun su raba biyu. Don haka 91 na Amurka ya yi kusan daidai da 95 na Turai.

A lura cewa lambar ba ta ce komai a kan yawan makamashi ba. Litar fetur, mai tsada ko mai araha, tana ɗauke da megajul 32 zuwa 34. Giyar inji da ake kira etanol ta isa hujja: lambarta ta haura 100, amma makamashinta megajul 21 ne kacal a lita. Shi ya sa fetur da aka gauraya da etanol kashi 10 yake rage nisan tafiya da kimanin kashi 3 cikin ɗari.

A tarihi an taɓa ɗaga okten ta hanya mai haɗari. A 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa wani sinadari mai dalma yana hana ƙwanƙwasa. Daga baya aka tabbatar dalmar da ke fita cikin hayaƙi guba ce mai cutar da ƙwaƙwalwar yara. Ƙasar ƙarshe da ta daina sayar wa motoci irin wannan mai ita ce Aljeriya, a 2021.

Wane mai ya dace?

Amsa tana cikin littafin motar, ko a jikin murfin tanki. Idan an rubuta cewa dole ne a sa 98, sai a sa 98. Motocin zamani suna da na'urar da ke jin ƙwanƙwasa. Da ta ji, kwamfutar motar sai ta jinkirta tartsatsin fulogi. Wannan yana kare inji, amma ƙarfi yakan ragu, shan mai ya ƙaru, ribar da aka ci a gidan mai ta zube a hanya. Idan kuwa injin na fetur mai ƙaramar lamba ne, sayen mai tsada ba ya ƙara masa komai. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta ƙiyasta a 2016 cewa direbobin ƙasar sun yi asarar sama da dala biliyan 2 cikin shekara ɗaya ta wannan hanya.

A Nijeriya galibin gidajen mai fetur iri ɗaya suke sayarwa, don haka wanda ya shigo da motar da aka ƙera don 98 ya san da wannan. Zafin bazara yana ƙara haɗarin ƙwanƙwasa, haka ma man da aka yi wa algus da kananzir, domin lambar okten ta kananzir ƙasa take ƙwarai.

Ina man yake tafiya?

Babban abokin gabar mota mai gudu iska ce. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa: idan gudu ya ninka biyu, turjiya ta ninka huɗu, ƙarfin da inji ke buƙata don keta ta kuma ya ninka takwas. Bugatti Veyron ta 2005, mai silinda 16, tana kai kilomita 407 a sa'a, amma a wannan gudu tankinta mai lita 100 yakan ƙare cikin kimanin minti 12.

Na biyu shi ne taka totur da birki barkatai. Duk makamashin da aka ƙona don a ɗaga gudu, birki yakan mayar da shi zafi ya watsar. Na uku shi ne girman inji, domin babban inji yana ɓarnar mai a tafiyar cikin gari. Don rage wannan, Corvette ta 2014 takan kashe huɗu daga cikin silindojinta takwas idan ana tafiya a hankali. Ga mai mota kuwa, tuƙi da babbar giya, da cika iskar taya daidai, da sauya matatar iska da fulogi a kan kari, duk suna rage shan mai. Kowace lita da aka ƙona tana fitar da kimanin kilogiram 2.3 na iskar kabon mai ɗumama duniya.

Kammalawa

A taƙaice, okten juriya ce ga matsi. Injin da aka ƙera da matsi mai yawa yana buƙatar babbar lamba, wanda ba haka ba kuwa ba ya amfana da ita. Tsimin mai ya fi dogara ga ƙafar direba da kula da inji fiye da lambar da ke jikin famfo.

Tambayoyi

1. Mota ta ƙara gudu daga kilomita 100 zuwa 140 a sa'a. Turjiyar iska ta ninka sau nawa?
2. A ƙaddara mota tana shan lita 14 a kowane kilomita 100. Kilogiram nawa na iskar kabon za ta fitar a tafiyar kilomita 250?
3. Me ya sa etanol yake ɗaga lambar okten amma yake rage nisan tafiya?