Koriyofsis, Furen da Ba Ya Son Gata

Akwai wani fure rawaya wanda Turawa ke kira koriyofsis. Asalinsa daga Amurka ta Arewa ne. Sunan nan na Girkanci ne, ma'anarsa mai kama da kuɗin cizo, don kuwa ƙwayar irinsa haka take.

Ga alamun gane wani irinsa da ake shukawa. Tsayinsa ƙafa 1 zuwa 2. Ganyensa siriri ne mai tsini kamar kan mashi, galibinsa a gindi yake. Kowane fure yana bisa dogon kara shi kaɗai, faɗinsa wajen inci 2. Ganyen furen yawanci guda 8 ne, bakin kowanne da tsaga kamar haƙoran zarto.

Mai son shuka shi sai ya nemi sarari mai rana, da jigawa inda ruwa ba ya kwanciya. A yafa irin a danne, kada a binne da zurfi. Kada kuma a cika taki, gama ganye zai yi yawa, fure ya ragu, kara ya kwanta. Ba ya mutuwa da shekara guda, saiwarsa tana sake tohowa. Bayan shekara 2 ko 3 sai a tone gindin, a rarraba, a dasa.

Amma fa, 'yan'uwa, da zarar fure ya yi yaushi a yanke shi. Yin haka na sa wani ya fito, yana kuma hana irin watsuwa. A ƙasar Japan ya tsere daga lambuna, ya mamaye bakin koguna, ya danne tsiron ƙasar, har hukuma ta hana shuka shi a 2006. Rigakafi ya fi magani.