Ku Zo Ɗambatta da Bazara: Shawarar Malamin Gona ga Baƙi

Ni malamin gona ne, aikina bin manoma gona-gona a ƙauyukan arewacin Kano, tsakanin Ɗambatta da Makoɗa da Minjibir. Duk shekara da zarar Maris ya kama, magana ɗaya nake ji daga 'yan uwa mazauna birni: "Bari dai ruwa ya sauka mu zo, yanzu me za a gani a ƙauye ban da rana da ƙura?" Wanda ma ya daure ya zo, biki ne ko ta'aziyya ta kawo shi, yana gama gaisuwa ya faɗa mota. Ni kuwa cewa nake yi ku zo yanzu. Gonakin da suke ba ku sha'awa a watan Agusta, tun Afrilu ake ɗaura musu aniya, kuma wanda bai ga aikin bazara ba bai san ta inda tuwo yake biyowa kafin ya iso kwanonsa ba.

Da ka bar Kano ka miƙi hanyar Kazaure da Daura, lura da abu guda: babu daji. Gona ce ke jingine da gona, gida na hangen gida. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya ya dawo Jami'ar Bayero, ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana noma ta kowace shekara, ba a barin ta ta huta. A wurare da yawa na duniya, ƙasar da aka yi wa haka mutuwa take yi. Tamu ta ga farin 1973, ta ga na 1984, har yau tana ba da gero da dawa da wake da gyaɗa. Dalilin hakan ba ya ɓoyuwa da bazara, domin babu ganyen da zai rufe shi.

Da sanyin safiya ake kama aiki, saboda haka ka kwana a gari, ana idar da sallar Asuba ka bi mai masaukinka gona. Abin da za ka fara cin karo da shi jakuna ne da mangala, da amalanken shanu, suna fita da taki. A gona za ka ga an jera shi tsibi-tsibi, taku kaɗan tsakanin wannan da wancan, ana jiran ruwa ya kusa kafin a baza. Ka tsuguna ka duba tsibi ɗaya da kyau. Akwai kashin tumaki da awaki, da tokar murhu, da guntun karan da dabbobi suka tattake, da sharar tsakar gida. Wani dattijo a wajen Makoɗa ya taɓa dumbuzo takinsa ya murje a tafin hannu, ya miƙo mini in sansana, ya ce: "Malam, wanda ya ruɓe ba ya wari. In ka ji yana hawa kai, bai nuna ba, zai ƙona maka shuka." Abin da littattafanmu suka faɗa ke nan, shi kuma a gonar mahaifinsa ya koya. Da damina ana ɗaure dabbobi a turke don kada su yi ɓarna, a ciyar da su ciyawar da aka nome. Da rani su ci harawa da kara. Abin da suka kasayar ya koma gonar da ta ciyar da su. Shekara da shekaru kuma jakuna na kai itace birni su dawo da sharar birni gona. Wannan zagaye ne ya riƙe ƙasar. In ka ga ana sharar gona, ana tumɓuke tushiya ana tarawa, ka ce "sannunku da aiki," ka karɓi manjagara ko na ɗan lokaci ne. Ba za su manta da kai ba.

Daga nan ka ɗaga kai ka dubi itatuwa. Ba tsirowa kawai suka yi ba, barin su aka yi da gangan, kuma kowace bishiya da mai ita. Wadda za ka gani shar da ganye a tsakiyar gona, dabbobi na kwance a inuwarta, gawo ce. Ita da damina take zubar da ganye, don haka ba ta tare wa shuka rana. Ganyen ya ruɓe ya zama taki, saiwarta na ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yanta kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Ka tambayi kowane manomi inda geronsa ya fi tsawo, zai nuna maka gindin gawo. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980, ba da dashe ba, ta hanyar ƙyale tohon gawo da 'yan uwanta su girma a gona. Ɗorawa kuma yanzu ne lokacinta. Yara na tsotsar garinta mai ruwan ɗorawa, mata na wanke kalwa su dafa ta kwana da yini, su sussuke, su rufe ta ruɓa ta zama daddawa, ɓawon kuma a jiƙa a yi makuba ta shafen katanga da daɓe. Ka nemi izini ka ga ana yi, ka sayi daddawarka a hannun mai ita. Amma kada ka sa hannu a ɗorawa ko mangwaron wani sai ka tambaya.

In hantsi bai yi ba tukuna, ka wuce madatsar ruwa ta Tomas, wadda ke tsakanin Ɗambatta da Makoɗa, ɗaya daga cikin madatsun da suka samo asali daga shirin da marigayi Audu Baƙo ya faro lokacin da yake gwamnan Kano. A nan ne idonka zai huta: albasa, tumatir, tattasai, shinkafar rani, masunta na fitowa da kwale-kwale. Wanda ya bi ta Minjibir yana da madatsar Wasai, kusa da gonar gwaji ta cibiyar IITA inda ake aikin inganta irin wake, garin kuma tsohon gari ne na masaƙa. Gargaɗi ɗaya: kada ka bar yara su shiga ruwan. Ruwan da yake kwance yana ɗauke da tsargiya, yaro ya koma gida bayan 'yan makonni a ga jini a fitsarinsa. Ga kuma zurfin da baƙo bai san kansa ba.

In da hali, ka sa Lahadi cikin kwanakinka, ranar da kasuwar Ɗambatta ke ci. Ka shiga kara ka ga shanu da tumaki da awaki, ka ji yadda dillalai ke haɗa ciniki, ka leƙa 'yan hatsi da 'yan harawa. Farashin damin harawa kaɗai zai gaya maka yadda rani ya yi tsanani. Ka kuma san wanda kake ciniki da shi. Mutumin da ya jawo akuya ɗaya kasuwa a watan Afrilu ba ɗan kasuwa ba ne; kuɗin takin zamani yake nema, ko na iri, ko rumbu ne ya yi ƙasa. Ka taya da adalci. Abin da za ka rage masa ba zai ƙara ka da komai ba, shi kuwa rabin buhun taki ne.

Daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa La'asar, ka nemi inuwa ka zauna. A Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma baƙon da ya saba da fanka shi yake fara faɗuwa. Ka sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka, ka sa hula ko malafa, ka karɓi fura da kunun tsamiya in an kawo. Wanda jiri ya ɗiba a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari. In hankalinsa ya gushe, sai asibiti. Bazara kuma lokacin sanƙarau ne, Kano ba ta manta annobar 1996 ba. Kada a cunkushe a ɗaki ɗaya a rufe taga. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ba abin jiran gobe ba ne, ko da dare ne a tafi asibiti. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafin da ke kare nau'i biyar na cutar. Ka tambayi ma'aikatan lafiya game da rigakafin yaranka kafin ku taso.

Da yamma ta yi sanyi sai zumunci. Ɗambatta gari ne na sarauta, mazaunin Sarkin Bai, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano, kuma ladabin ya sauka har ƙauyuka. In ka shiga ƙauye, ka fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci, ka cire takalmi, ka ce "ranka ya daɗe," ka faɗi wanda ka zo wurinsa. Kada ka ɗauki hoton mata ko cikin gida sai an yarje maka. Ka zauna a dandali bayan Magariba. 'Yan cin rani na dawowa a wannan lokaci, hira duk ta gabas ce: ina aka ga walƙiya, wa ya yi binne, wa ya ce gara a jira ruwa ya jiƙa ƙasa sosai.

Abu biyu nake roƙo kada baƙo ya yi. Na farko, yar da leda. Ledar ruwan da ka jefar ta taga iska ce za ta kai ta gona, ko akuya mai yunwa ta haɗiye, ta rame, ta mutu ba a san dalili ba sai mahauci ya buɗe tumbi. Manomanmu har sun gaji da tsince leda da fasassun kwalabe daga sharar birni kafin su baza ta. Na biyu, cika bayan mota da buhunan gawayi don ya fi araha. Manomi na sassabe reshe ya bar uwar, mai gawayi kuwa daga gindi yake sara, kuma duk buhun da ka saya kira ne a sare wata.

In kana tunanin tsarabar da za ka kai, sabulu da atamfa suna da kyau, amma a wannan lokaci babu kamar iri mai kyau da buhun taki. Ka sayi irin a wurin da aka amince da shi, mai saurin nuna kamar geron Sosat, kuma ku gwada shi tare kafin ruwa ya sauka: ku ƙirga ƙwaya 100, ku jera a jiƙaƙƙen buhun algarara, ku naɗe, ku ajiye a inuwa kuna yayyafa ruwa. Bayan mako guda ku buɗe ku ƙirga waɗanda suka tsira. In sun kai 80, a shuka da kwanciyar hankali. In sun gaza sosai, a sake iri tun da sauran lokaci. Gwajin bai ci ko sisi ba, amma yana hana mutum asarar ruwan shuka na farko, wanda in ya wuce ba ya dawowa.

Ku zo da 'ya'yanku, musamman waɗanda aka haifa a birni. Ku nuna musu gonar kakansu da iyakarta, ku bari su riƙe igiyar jaki, su san gawo da ɗorawa da sunansu. Yaron da ya san wannan zai yi wuya ya sayar da gonar gado a kan kuɗin da ba ya kai shekara. Allah ya kai mu damina lafiya, ya sa mai albarka ce, ya kare mana mutane da dabbobi.